Takardar da Baffa ya sayo, shekara huɗu bayan Safiya

Ƙarar faɗuwar kofin silba ce a kan siminti. Ina da shekara tara, ina wanke-wanke a tsakar gidanmu na Tudun Wada, na waiwaya na ga ƙanwata Safiya, da ko yaye ba a yi mata ba, tana kallon hannunta. Yatsun sun kumbura sun yi suntum, kofin ma ya gagare ta riƙewa. Daga ranar muka san hanyar asibiti. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da sikila ta yi ajalinta, tana da ashirin da shida. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na so in rubuta kirkinta kawai in yi shiru. Amma abin da ke cikin zuciyata a bana ƙyama ce, kuma Safiya ba ta son a yi mata kwana-kwana.

Iyayenmu ba su da laifi. A zamaninsu wa ya san gwajin jini? Lafiyarsu ƙalau, ko ciwon kai ba ya kwantar da mahaifinmu, ashe kowannensu yana ɗauke da rabin abin a ɓoye, wanda yanzu ake kira AS. Rabi ɗaya ba ya kwantar da mutum. Sai an haɗa na uwa da na uba a jikin ɗa guda sannan ciwon ya fito. Ni na tsira, ƙanenmu Nasiru ya ɗauki rabi, Safiya ta haɗa duka.

Tela ce, kuma da maɓallan ɗinki take yi wa masu kawo mata aiki bayani. Ta zuba fari da ja a gwangwani biyu, ta ce wannan uwa, wannan uba, rufe ido ki ɗauko ɗaya-ɗaya. In ja biyu suka fito, ga irina nan. Sai ta mayar da su ta girgiza, ta ce, “Sake ɗauka. Gwangwani ba ya tuna abin da ya ba ki ɗazu.” Amare suna dariya, amma da yawa daga shagonta suke wucewa wurin gwaji.

Shekara huɗu bayan mun binne ta, Nasiru ya samu mata a Makera, Maryam, yarinya mai hankali. Limamin unguwarsu ba ya ɗaura aure sai ya ga takardar gwaji. Aka yi, duka biyun AS, amma mu kaɗai muka ga sakamakon Nasiru. Nasiru ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Sai Baffa Isa, ƙanen mahaifinmu kuma wakilin ango, ya ce a bar masa. Ya shiga wani ɗakin gwaji a bayan kasuwa, ya fito da takarda mai hatimi da ta ce Nasiru AA ne, ba a ko tsaga masa yatsa ba. Ya ce mana tawakkali ke nan. Mutumin da da hannunsa ya sa Safiya a kabari.

Na sani, kuma na yi shiru. Na ce kada a ce yayar ango ce ta ɓata biki. Ni na tuƙa tuwon walima, na ɗaura anko, har da rangaɗa guɗa. In ina ƙyamar Baffa, to da kaina nake farawa. Da Nasiru da Maryam sun zauna su biyu, sun san gaskiya, sun zaɓa da idonsu a buɗe, da ban ce komai ba. Amma dangin Maryam takardar ƙarya aka nuna musu, liman ma ita aka miƙa masa a cikin masallaci, aka shafa fatiha a kanta.

Ilham ce 'yarsu ta fari, shekararta shida yanzu. An ƙara mata jini sau uku. Da damina, in sanyi ya shiga ƙashinta, ba ta ihu, sai dai ta ciji gefen zanen uwarta. Da asiri ya tonu, dangin Maryam sun yi wata shida ba su taka gidan ba.

Na ɗauka mun gama jin abin takaici, sai watan jiya. Maryam tana da ciki na biyu, muna zaune a falonsu a Unguwar Sanusi, tana share hawaye don fargaba. Baffa ya gyara zama ya ce, “Ke kuma kukan me? Ba likita ya ce ɗaya cikin huɗu ba? To an riga an fitar da zakka. Ukun da ke tafe lafiyayyu ne.” Yana faɗa yana nuna Ilham da carbinsa.

Na ce, “Baffa, ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki da nasa.”

Ya ce, “Ke da kika tsaya a sakandare za ki koya mini?”

Da Safiya tana nan, me za ta ce? Yau ga wurin gwaji a kowane layi, ga wa'azi a rediyo, ga limamai sun tsaya tsayin daka, abin da ta yi ta fata ke nan. Sai muka mayar da shi takardar da ake saye kamar katin waya. Ina jin ba faɗa za ta yi ba. Za ta dube mu ne ɗaya bayan ɗaya, mu da muka ga yadda take birgima a tabarma.

Abin da ya rage mini nata shi ne bakin da ba ya ɓoye gaskiya, kuma na makara wajen ɗaukarsa. Yanzu duk bikin da aka kawo mini goro, sai na tambayi inda aka yi gwajin da wanda ya raka su. Wasu sun daina gayyatata.

Ranar nan da zan tafi, Ilham ta biyo ni har bakin ƙofa tana ɗingishi, ta kama mayafina. Ashe duk ta ji.

“Gwaggo,” ta ce, “Baffa ya ce ni na ɗauke wa ƙanina ciwon. In na daina kuka in yana yi mini, ba zai koma wurinsa ba, ko?”