Dala Biyar a Kan Allura

Tun ina yarinya a gidanmu na unguwar Boukoki a Yamai na san turnedis ɗin Baba, na'urar da ke juya faifan garmaho, da tsabar dala biyar manne a kanta. Duk sanda allura ta fara tsalle sai ya ɗora kuɗin a kan hannun da ke riƙe da ita, ya danne ta, waƙa ta miƙe. Haka kowa ke yi a unguwar. Bayan rasuwarsa na gaji na'urar da dabarar, har na ƙara tsaba ta biyu ina ganin kaina gwana.

Faifai ɗaya ne muke ji da shi. Inna, mahaifiyata, tana budurwa a Damagaram ta yi amshi a wata waƙar biki da aka ɗauka, kuma akwai baiti guda da muryarta ke fita ita kaɗai. Ban taɓa ganin irin faifan a hannun kowa ba. Kowace Juma'a bayan la'asar sai an sa mata shi.

Da sautin ya soma shaƙewa kamar mai mura, na kinkimi na'urar zuwa kasuwar Katako, wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Ya duba allurar da gilashin ƙara girma, ya dube ni.

"Hajiya, wa ya aza mata wanga kaya?"

Na ce Baba ne, ban faɗi nawa laifin ba.

"Allah shi jiƙanshi. Bakin allura ya cinye, robar cikin kan ma ta saki. Yanzu noman faifan take. Duk juyin da ya yi, muryar kike kankarewa."

Ya ce sai an sake kan allurar gaba ɗaya, kuma babu shi a Yamai, sai dai a ba wani abokinsa mai zuwa Kwatano sautu. Na ce a ba shi, ko shekara ne zan jira. Na dawo da na'urar gida, na daina sa faifan.

Jiran bai ba ni wuya kamar Inna ba. Juma'ar farko ta ce, "Ke ɗiyar nan, faifan naki ne ko nawa?" Ta biyu ta ƙi amsa gaisuwata. Na san halina, in ta yi mini kallon nan zan sa mata, don haka na kai faifan biro, wurin aikina a unguwar Plateau, na kulle a durowa. A wata na biyu ta kwanta zazzaɓi mai tsanani. Na ji tsoro ƙwarai. Na dinga tunanin in ta tafi ba ta sake ji ba, ni na hana ta. Sau biyu ina ɗaukar makullin durowar ina mayarwa jaka.

Ta tashi, kan allura kuma ya iso a wata na uku. Tsohon ya ɗaura shi, ya ɓamɓare tsabar kuɗin duka biyu ya miƙo mini, ya daidaita nauyin hannun. Ya ba ni ɗan buroshi mai laushi, ya ce in riƙa share allurar daga baya zuwa gaba, kada yatsa ya taɓa ta.

Ran Juma'a na sa faifan. Kalangu ya fito tas, 'yan amshi suka shigo, Inna ta gyara zama. Da aka zo baitinta sai shuuu kawai, babu murya. Na ji kamar in nutse, na fara ba ta haƙuri.

"Ba ke ba ce," in ji ta. "Babanki ne. Nan wurin yake ɗaga allura shi maido, sau uku, sau huɗu, kullum."

Ta ce in mayar baya kaɗan. Na ɗaga hannun a hankali na mayar. Da aka iso wurin ta rera baitin da bakinta, ba ta kuskure ko kalma ba. Faifan ya ƙare, ta miƙo hannu ta ce in ba ta dala biyar ɗin Baba. Na ba ta, ta ƙulle a bakin zanenta.