Gilashin Motar Baba Nomau

Ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Sahabi ya nuna ni da yatsa a tsakiyar garajinsa, a gaban jama'a, ya ce aikina ne ya yanka hannun wani tsoho ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan a bayanmu, gara ku ji daga bakina, don na san an sha ba ku labarin a karkace.

A lokacin ina aiki a garajinsa, nan cikin Tawa. Shi ne mai garaji. Ƙarƙashinsa akwai shef mai raba aiki, sai makanikai, sai tolye mai gyaran jikin mota, sai ni Illa, mai gilashi da ƙofofi. A hannun Alhaji na koyi aikin tun ina saurayi, shi ya sa har na fara furfura ban daina ce masa maigida ba.

Bayan girbi aka jawo mana wata tsohuwar akori-kura daga Barmu, irin wadda muke kira kat-san-kat. Ta Baba Nomau ce, tsohon direba da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kawo mutane kasuwar Tawa. Motar ta daɗe a bayan gida har kaji suna ƙwai a cikinta. Ɗansa Asumana, da ya dawo daga Abijan, ya ce a mayar da ita yadda take ranar da ta fito. Ba don haya ba, don tsohon ya sake riƙe sitiyarinta tun yana da sauran ƙarfi.

"Illa," in ji Asumana, "gilashin ƙohwa nata na, na asali. Da bakin rawaninshi tsoho ka goge shi. Don Allah kada a canza shi."

Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Ga wanda bai san aikin ba, gilashin ƙofa yana zaune ne cikin wani ƙarfe mai kwari kamar indararo, kuma wannan ƙarfen ne yake hawa yana sauka idan ka murɗa mariƙin da ke jikin ƙofa. Tsakaninsu dole a sa roba, don gilashi da ƙarfe ba sa shiri. Na ciro ƙarfen, na kankare tsatsarsa, na miƙe masa baki. Na yanko roba daga cikin tsohuwar taya, na shafa ruwan sabulu, na kifa gilashin a kan bargo, na ɗora ƙarfen ina bugunsa da gudumar katako a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. In ka matsa ya fashe, in ka sassauta ya suɓuce ya faɗa cikin ƙofa. Da na gama, na sabunta shimfiɗar hanyoyin gefe da yake bi. Gilashin nan ya riƙa hawa yana sauka ko ƙara babu.

Ana cikin fenti aka aiko mini ƙanwar mahaifiyata ta rasu a Takanamat. Na tafi zaman makoki. Da na dawo, motar Baba Nomau ta tafi Barmu. Amma akwai wata kat-san-kat a garajin, ta wani ɗan kasuwa daga Maraɗi mai son tara tsofaffin motoci. Kafin in tafi babu gilashi a ƙofarta ta dama, har na gaya wa Alhaji sai an nemo a Ƙonni ko Yamai. Yanzu ga gilashi a jiki. Na tambayi shef, ya ce, "An samo," ya kau da kai.

Washegari da hantsi sai ga Asumana ya shigo da motar, tsohon yana zaune a gefensa, hannunsa na dama naɗe da bandeji tun daga wuyan hannu har gwiwa. A hanyar Barmu abin ya faru. Asumana yana tuƙi, tsoho ya sauke gilashi rabi ya ɗora hannu, mota ta faɗa rami, gilashi ya tsage ya shige masa cikin nama har jijiya. A asibiti aka ɗinke shi.

Asumana bai yi sallama ba. Ya ce, "Alhaji, wa yay yi aikin wagga ƙohwa?"

Mutane suka taru, har da masu kabu-kabu da ke bakin titi. Alhaji ya gyara hula, ya miƙo yatsa. "Aikin Illa na. Na sha gaya mishi shi bar gaggawa, ba ya ji."

Na ɗauko turnabis, wato sukudireba, na kwance murfin ƙofar a gabansu. Ga ɓaraguzai nan a ciki, dogaye masu tsini kamar wuƙaƙe. Gilashin mota idan ya fashe marmashewa yake kamar gishiri, don kada ya kashe mutum. Wannan gilashin tagar ɗaki ne, irin wanda ake yankawa a kasuwa, an cusa shi cikin ƙarfen an liƙe da danƙo, ko roba babu. Na nufi motar ɗan Maraɗi na kwance tata ƙofar. Ga gilashin Baba Nomau, ga robar da na yanka da hannuna.

Nan ne abin da ya fi ƙona mini rai ya zo. Shef ya jawo ni gefe yana raɗa. "Illa, ruhwa ma Alhaji asiri. Shi yat tashe ka. Ka ce kuskure na, a ba da haƙuri, magana ta mutu." Dattawan garajin maƙwabta su ma suka kewaye ni, kowa da irin wannan magana. Ga tsoho zaune da hannu a ɗinke, babu wanda ya je ya ce masa sannu. Mutuncin Alhaji kawai ake ta tattali, kuma da sunana ake so a saya masa shi.

Na ture su na tsaya gabansa. Na ce, "Maigida, kai ka koya mani ba a sa gilashin ɗaki ga mota. Da bakinka kac ce wanda yay yi haka kabari ya gina ma mutum. Mi yas sa?"

Ya ce, "Ɗan Maraɗi na gaggawa, da niyyata in an samo wani in maida. Tsoho kuwa ina za shi? Cikin gari ɗai za shi zagaya."

Asumana ya zaburo, aka riƙe shi. Sai Baba Nomau ya buɗe ƙofa da hannun hagu, ya sauko a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sahabi, da ka roƙe ni gilashin nan, da na ba ka."

Alhaji ya shige ofishinsa ya ja ƙofa.

Ban nemi izinin kowa ba. Na ciro gilashin daga motar ɗan Maraɗi, na shimfiɗa bargona, na mayar da shi inda yake, da sabuwar roba. Tsohon yana zaune a kan benci yana kallona har na gama. Sannan na tattara kayan aikina cikin buhu, na fita daga garajin da na girma a cikinsa, ban sake komawa ba.

Asumana ya so ya kai ƙara wurin 'yan sanda, uban ya hana. Hannun ya warke, amma yatsu ba su ƙara lanƙwasuwa yadda ya kamata ba. Motar da aka gyara don ya tuƙa, bai sake tuƙa ta ba. A gefe yake zama ɗansa yana jan shi. Alhaji kuwa har gobe butulu yake kirana a majalisa, kuma akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwata saboda shi.

Abin da na koya shi ne, aikinmu a ɓoye yake. Da ka rufe murfin ƙofa, mai mota ba zai ƙara ganin abin da ka sa a ciki ba, zai dai ɗora hannunsa ko na ɗansa a kai ya tafi. Na kuma koyi cewa idan babba ya yi ɓarna, ƙarami ake roƙo ya yi haƙuri ya ɗauka. Saboda haka duk wanda ya ce ku rufa asiri, ku fara tambayarsa jinin wa ya zuba. Ni nan garajin da na buɗe daga baya, wanda ya sa gilashin ɗaki a mota, ko ɗan cikina ne, ranar zai bar mini wuri.