Kajin Ramlat a Zafin Bazara

Ramlat ta fara kiwon kajin turawa ne shekarar da ciwon ƙafa ya hana mijinta, Malam Garba, zuwa gona. A wani ƙauye suke, arewa da Ɗambatta, inda gero ke tsirowa har gindin katanga. Ta share tsohon ɗakin awaki, ta shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ta zuba 'yan tsaki.

Zubin farko da na biyu sun yi albarka. Na uku ya faɗo a bazara. Da rana ta take sai kajin su baje fukafukai suna haki, wasu ƙafa ta ƙi ɗaukarsu, kafin la'asar ta kwashe mushe. Ta yayyafa ruwa a kan kwanon rufin ɗakin, ta fasa taga, mutuwar ba ta tsaya ba. Har ta fara cewa ta haƙura da sana'ar.

Ran kasuwa ta naɗe matacciya guda a buhu, ta kai wa Kamaruddeen, likitan dabbobi mai shago a bakin tasha. Ya feɗe ta, ya duba naman ƙirjin, ya tambayi abin da take ba su. Ta ce tsada ta sa ta koma haɗa nata da masara da dusa da waken suya.

"Anti, abincinki na cika ciki, amma da saura," in ji shi. Ya miƙo mata wani ƙullin gari. "Siliniyam ne da bitamin E. Yana taimaka wa jikinsu jure zafi. Kaɗan ake sawa, in kika zarce guba ne."

"Ɗan ƙullin garin nan ne zai tsayar min da mutuwa?"

"Shi kaɗai a'a. Kada ki fasa inuwa da ruwan sanyi."

Zuciyarta ba ta kwanta ba, don haka ta raba ɗakin biyu da zana, ta gwada a ɓangare guda. Malam Garba, da zaman gida ya ishe shi, ya karɓi aikin auna garin da cokali, kuma ba ya barin kowa ya taɓa cokalin.

Ba a rufa sati biyu ba bambanci ya fito. Na ɓangaren gwaji sun fi cin abinci, sun fi tsayuwa da ƙafafunsu, asarar ta ragu ƙwarai ko da ba ta ƙare ba. Ramlat ta cire zanar, ta haɗa wa kowa.

Bana maƙwabciyarta Tahira ta zuba nata 'yan tsakin. Kusan kullum da hantsi tana leƙowa da tambaya, Ramlat ta sa mayafi su fita tare su duba 'yan tsakin.