Rigar Aikin Ɗanliti

Ɗanliti mutumin Badafi ne, ya shekara tara yana narka dalmar tsofaffin batiran mota a wata rumfa. In dalmar ta narke sai ya tsura mata ido, wai farin wata yake gani a ruwan Tiga, har maigidansa ya ce, "Ɗanliti, dawo duniya!"

Kullum da yamma 'yarsa Bahijja kan tare shi da oyoyo, ta cusa fuska cikin rigar aikinsa. Da ciwon ciki ya matsa mata, malamar asibiti ta auna jininta ta ce, "Malam, gubar dalma ce. Rigarka ke kai ta gida."

Ya dubi rigar kamar aminin da ya ci amanarsa.

Tun daga ranar a rumfa yake barin ta, ya yi wanka, ya sa farin kaftani. Matarsa Rashida kan ce, "Sannu da zuwa, ango!" Bahijja kuwa kwana uku tana shinshinarsa tana ja da baya. A na huɗu ta kwanta a ƙirjinsa, shi ko ya ƙi motsi har tuwo ya huce.