Sabulun Sallah

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Malam Nasiru ya ɗauki aikin hannuna, a kan idona, ya ce nasa ne ba. Ina tsaye a bayansa riƙe da butar shayi, ko waiwayowa bai yi ba. Wannan ita ce cutar farko. Ta biyu kuwa, wata ɗaya bayan haka ya ɗaga ni daga bakin murhu ya mai da ni wanke-wanke. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku saurara, don har yau akwai masu cewa wai ni ne mai riƙo.

Ni Haruna, kuku ne a gidan saukar baƙi na ma'aikatarmu a ƙasar Kazaure, tun ana biyanmu da fam da sule. Aji huɗu na yi a elementare aka cire ni saboda gona. Ina karanta takarda in an rubuta ta da kyau, kuma hannu nake sawa, ba dangwale ba. Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Kyari, wani tsohon Babarbare da ya yi wa Turawa girki har suka tattara suka tafi. Tsarin gidan kuwa haka yake: a sama akwai ofisan abinci, shi ke riƙe da makullin sito, shi ke rubuta rahoto a kanmu. Daga shi sai kuku, sai mai kai abinci tebur, sai mai wanke-wanke a can ƙasa. Shekara da shekaru kujerar ofisa ba kowa, ni nake riƙe da komai, kuma ba baƙon da ya taɓa kwana da ciwon ciki.

Duk ƙaramar Sallah, in an sauko daga idi, manyan ma'aikata kan taru a gidan, wani lokaci har da Babban Sakatare daga Kano. Abin da ake sa musu gaba da shayi wani kek ne da Baba Kyari ya bar mini gado. Ba mai tashi ba ne irin na biki. Shimfiɗa shi ake yi a tire, kaurin yatsa biyu, a gasa, a yayyanka dogo-dogo kamar sandar sabulu. Shi ya sa mutane suka sa masa suna sabulun Sallah. Fulawa ce da ƙwai da mazarƙwaila, da gyaɗa soyayya da aka ɓarza, da dabinon da aka cire wa ƙwallo, a barbaɗa riɗi a kai. Sai man shanu, wanda shi ne ran abin.

A gida nake yin sa, don tandar ƙarfen da Turawa suka bari a kicin ta daɗe da tsagewa. Rabin gangar ƙarfe gare ni a tsakar gida. In zuba yashin rafi a ciki, in hura wuta a ƙasa, in ɗora tire a kan duwatsu uku, in rufe da faifan ƙarfe in zuba garwashi a kai. Matata Gambo ke ɓarzar gyaɗa. Kuma ku lura, a kwanakin ƙarshe na azumi ake wannan aiki, da rana tsaka, baki a rufe. Malamai sun ce mai girki na iya ɗanɗanawa ya tofar, amma ban taɓa yi ba. Baba Kyari cewa yake yi, kukun da sai ya lasa zai sani, bai gama koyo ba. Hanci da tafin hannu da launin gefen tire, su ke gaya maka komai.

Man shanun kuwa ɗanye nake saye, a kasuwar Roni, wurin wata Bafillatana, Inna Dije. Kowace shekara sai ta tsokane ni.

"Kuku, ɗanye ko soyayye?"

"Inna, shekara nawa kina yi mini tambayar nan?"

"To na sani ko bana ka yi hankali ka huta da wahala?"

In na kawo shi sai in wanke shi da ruwan randa sau uku, har tsamin nono ya fita, sannan in narka shi da kaina a wuta kaɗan-kaɗan, ba tare da na jefa komai a ciki ba. Dalili, kowa a ƙasar nan ya san yadda mata ke soya man shanu: da albasa. Don miya ake yin sa, don tuwo. Wannan ko yarinyar da ta fara ɗora tukunya ta sani.

Da kuɗin man fetur suka shigo, aka koma naira da kwabo, sai aka fara turo mana masu takarda. Malam Nasiru ya zo da satifiket na kwas ɗin abinci, da farar riga, da biro uku a aljihu. Aka ba shi kujerar ofisan abinci, ya girme ni a mataki, na girme shi a shekaru. Ban ƙi shi ba, Allah ya sani. Azumin farko da ya yi da mu, ya ji labarin sabulun Sallah, sai ya ce zai zo gidana ya duba tsabta. Ya zo, Gambo ta shimfiɗa masa tabarma, ya zauna da littafi yana rubutu. Fulawa gwangwani nawa, ƙwai nawa, minti nawa. Duk abin da ya tambaya na gaya masa, ban ɓoye ko ɗaya ba. Ya nuna tukunyar mai, wanda na riga na narka tun da safe.

"Wannan fa?"

"Man shanu ne, ranka ya daɗe."

"Soyayye?"

"Soyayye."

Ya rubuta, ya rufe littafi. Bai tambayi wa ya soya ba, bai tambayi yadda aka soya ba.

Ranar Sallah aka jera kek ɗin da na yi, tire shida, a farantan tangaran. Babban Sakatare, dattijo ne mai son raha, ya ci yanka ɗaya, ya ɗauki na biyu, ya ce, "Kai, wannan daga wane kanti aka sayo shi?"

Malam Nasiru ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, a nan muka yi. Yana cikin abubuwan da muka koyo a kwas."

"Da hannunka?"

"Da hannuna, yallaɓai."

Na so in ce ni na yi. Amma a aikin gwamnati ƙarami ba ya tsoma baki manya na magana, sai an kira shi. Na zuba shayi na koma kicin. Bayan sati biyu takardar yabo ta zo daga Kano, aka sa a fayil ɗinsa. Bayan wata ɗaya ya rubuta cewa kukun da ba shi da satifiket bai dace da gidan da manyan baƙi ke sauka ba. Ya kawo wani ɗan garinsu ya ba shi murhuna, ni kuma aka ba ni soso da toka a bayan kicin. Ya kuma gaya mini in shekara ta zagayo za a duba ko ma ana bukatata.

Wata goma sha ɗaya ina wanke kwanukan da wani ya ɓata. Mutanen gari ba su daina kirana Kuku ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Azumi ya sake zagayowa. A lokacin an kawo sabuwar tanda ta gas daga Kano, fara sol, mai gilashi a gaba. Sai ga saƙo cewa Babban Sakatare zai zo da baƙi, kuma lallai a yi wannan kek na bara. Na zaci Malam Nasiru zai kira ni. Bai kira ni ba. Ya buɗe littafinsa, ya aika aka sayo komai yadda ya rubuta, har da man shanu soyayye, kwalba huɗu, daga kasuwa.

Ranar jajibiri ya sa farar riga ya shiga kicin da sikeli. A gefe ana ta suyar albasa da nama don miyar Sallah, kicin ya cika da ƙamshi, ga shi ya tuttula turaren kek na kwalba a cikin kwaɓin. Amma ni daga wurin wanke-wanke, da aka buɗe kwalbar farko, na ji albasa a cikin man. Na ajiye soso. Zuciya ɗaya ta ce yi shiru. Ɗayar ta ce abincin gidan nan ne, kuma baƙi ba su yi maka laifi ba. Na goge hannu na leƙa.

"Ranka ya daɗe, man nan da za ka zuba..."

"An tambaye ka?"

"A'a, amma da ka shinshina..."

"Haruna, a nan da ma'auni ake aiki, ba da hanci ba. Koma kan kwanukanka."

Na koma. Kek ya fito kyakkyawa, ba zan yi masa ƙarya ba, ja-ja-ja, ya fi nawa kyan gani. Yana azumi, bai ɗanɗana ba. Don kada ma'aikata su taɓa, ya yayyanka ya kulle a kabad, ya sa makulli a aljihu ya tafi gida tun kafin a sha ruwa.

Ni kuma da na tashi aiki da azahar, na hura gangata kamar kowace shekara. Tire biyu kawai, na yara da maƙwabta. Gambo ta ce, "Malam, mutanen da suka wulaƙanta ka a kan abin nan, har yanzu ba ka gaji da shi ba?" Na ce ba don su nake yi ba.

Ranar Sallah ina bayan kicin aka kai kek falo. Daga nan muryar Babban Sakatare ta taso.

"Nasiru, wannan da shayi ake cin sa ko da tuwo?"

Aka fashe da dariya. Wani baƙo ya ce saura kuka da daddawa. Ni ban yi dariya ba, don na san inda za a juye kayan. Ai kuwa sai na ji Malam Nasiru na cewa, "Yallaɓai, tsohon kukun nan ne ya haɗa kayan. Ba shi da ilimin abin, shi ya sa nake neman a sallame shi."

Aka ce a kira ni. Na shigo hannuna na ɗigar ruwa, na durƙusa na yi gaisuwa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ranka ya daɗe, wata goma sha ɗaya rabona da murhun gidan nan. Na bara da ka ci ka yaba, ni na yi, a gidana, a cikin ganga. Na bana kuwa ga mai shi nan tsaye."

Malam Nasiru ya buɗe baki, dattijon ya ɗaga masa hannu, ya juyo gare ni. "Magana ce babba. Kana da shaida?"

"Tana gida cikin kwano, in za a ba ni izini."

Ban taɓa taka keke kamar na ranar ba. Na tarar Gambo ta fara kasa wa maƙwabta, na kwashe duka. Ta biyo ni har zaure tana cewa, "Ka kwashe na yara, to wallahi ka dawo mini da kwanona!"

Na ajiye kwanon a tebur, tsohon kwanon sha mai ɓallin fenti, kusa da farantan tangaran. Nawa duk bai yi kyan gani ba, gefe ɗaya ma ya ɗan ƙone. Babban Sakatare ya gutsura, ya tauna a hankali. Ya ɗauki na biyu. Sannan ya zaro hankici ya ƙunshe guda uku, ya ce na uwargida ne. Kafin a sake zuba shayi kwanon ya koma fayau.

"Shi ne na bara," in ji shi. "Me ya raba su?"

"Albasa, ranka ya daɗe. Ya sayi man miya."

Babban Sakatare ya dubi Malam Nasiru, sannan ya ce gobe a mai da ni bakin murhu, kuma kada ya sake jin zancen sallama. Iyakar abin da aka yi ke nan. Takardar yabo ba a cire ta daga fayil ɗin Malam Nasiru ba, ni kuma ba a rubuta mini ko layi ɗaya ba. Daga baya ma gaba ya yi, ni ina nan inda kuka same ni. Aikinmu haka yake: abin da hannu ya yi a cinye shi a tashi, abin da biro ya yi shi ke zama. Amma tun daga ranar, ba a ƙara ɗora tire a gidan nan ba sai an kira Haruna ya shinshina mai.

Da la'asar ɗin ranar Sallar nan, baƙi sun watse, ina goge murhuna saboda gobe, sai ga Malam Nasiru ya shigo da littafin nan a hannu.

"Haruna, ka san da albasar nan, ka bar ni na ji kunya gaban manya."

Na ajiye tsumma na miƙe, na dube shi ido cikin ido, karo na farko tun zuwansa. Na ce, "Malam Nasiru, na zo in gaya maka, ka ce in koma kan kwanukana, na koma. Ka zauna a tabarmar matata, ka kwashe abin da Baba Kyari ya ba ni, ka kai shi Kano da sunanka, ko sannu ba ka ce mini ba. Da ka tambaye ni, da na koya maka har wankin mai, don ni ma kyauta aka koya mini. Takardar tana fayil ɗinka, ka riƙe, ba na so. Amma duk Sallar da ka ji ƙamshin albasa, ka tuna wa ya yi kek ɗin da aka yabe ka a kai. Yanzu matsa mini, kana tsaye a inda kuku ke tsayawa."