Katantanwar Ƙarfe

A tashar Sokode, Zalia mai koko tana kallon wata mata da ke jiran motar Dapaong. Siririya ce, idanunta sun kumbura, mayafinta a karkace. Ta rungume wani ƙarfe mai siffar katantanwa, naɗe cikin rigar makaranta ta kaki, kamar mai riƙe da jariri.

Yaron mota ya miƙo hannu. "Inna, kawo turbon injin nan a ɗaure a sama."

"A'a. 'Yan makarantar lise ne ke haɗa inji, wai zai yi ƙarfin doki ɗari uku. Wannan kaɗai ya rage musu. Yaron nan ya zo saya, mota ta kaɗe shi, bai tashi ba." Ta ƙara rungume ƙarfen. "Zan kai wa abokansa."

Yaron nan ta ce, ba suna. Nan Zalia ta gane ɗan fari ne, wanda uwa ke kunyar kiran sunansa. Wataƙila tun haihuwarsa ba ta taɓa faɗa ba.

Matar tana juya farfelar ciki da yatsa. Can ta sunkuya, ta sa baki a ramin ƙarfen, a hankali ta ce, "Fa'izu."