Sawun Sababbin Tayoyi

Na yi shekaru ina jan mota a arewacin Adar, amma ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce wadda tayoyi suka kusa raba ni da aikina, alhali ko faci ba su yi ba.

A shekarar da aka karya darajar sefa, ina tuƙa katkat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, ta Alhaji Ila, wani ɗan kasuwa a Tawa. Duk ranar kasuwa nakan tashi zuwa Takanamat, in zarce rijiyoyin da ke arewa da ita. Can babu kwalta, babu tasha. Makiyayi kan fito da cukunsa ko akuyarsa ya tsaya bakin hanya, in ɗauke shi.

Motar gajera ce, cikinta na jan rairayi, kullum muna cikin haƙa da turi. Ni na dami Alhaji har ya yarda a ɗaga ta. Makanikenmu Sani, mutumin Damagaram, ya ƙara mata lam, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota. Da ta tashi sai ta koma kamar ƙato sanye da takalmin yaro, dole a nemo manyan tayoyi.

Ga wanda bai san aikin ba, ba a ɗaukar taya don ta yi kyau a ido. Janti, ƙarfen da taya ke zama a kai, sai ramukansa sun dace da kusoshin mota. In ya shige ciki da yawa taya ta gogi lam, in ya fito da yawa ta ci jikin mota. Muka zagaye masu taya har muka dace da wasu masu faɗi da zurfin zane. Sani ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, muka loda buhunan gero muka bi ramuka, babu inda ta goga. Ranar na shiga tasha ina hura hanci.

Rairayi kam mun gama da shi. Sai dai daga Takanamat zuwa arewa ban ga ɗan Adam a bakin hanya ba. Kasuwa ta zagayo, haka. Ta sake zagayowa, na dawo da mota fayau. Alhaji ya tare ni a tasha.

"Mamman, kai kac ce a ɗaga ta, an ɗaga," in ji shi. "Ina mutane?"

"Wallahi Alhaji ban san inda sunka shiga ba."

"To, kasuwa mai zuwa in ka komo hakanga, aje mini makulli."

Hankalina ya tashi ƙwarai, don ina da iyali, kuma aiki a shekarun nan ya yi wuya. Da na koma arewa, na kashe mota a bakin wata rijiya. Ga kashin raƙuma ɗanye, ga guga a jiƙe, amma ba kowa. Na taka da ƙafa ina sallama, har wani dattijo mai suna Agali, wanda ya saba shiga motata, ya leƙo daga bayan ƙaya.

"Af, Mamman, kai na?"

"Ni na, Baba. Mi na yi muku kuka guduna?"

Ya ja ni bakin hanya ya nuna ƙasa da sandarsa. "Mu sawu muka dubawa. Na motarka mun san shi kamar na raƙumanmu. Wanga sawu kuwa sai motocin masu bindiga. Ga ta kuma ta yi tsawo, daga nesa wa za shi ce ita ta?"

Lokacin ana tawaye a arewa, kuma makiyayi ba ya tsayawa tambayar ko soja ne ko ɗan tawaye. Ashe duk kwanakin nan ni suke jira, ni kuma suke ɓuyar wa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Komawa ga tsofaffin tayoyi ba zai yiwu ba, sun yi wa motar kaɗan. Sai Agali ya hau saman mota ya zauna inda kowa zai hango rawaninsa. Duk rijiyar da muka isa ya yi kira, mutane su fito. Ni kuma in taka danshin bakin rijiya da tayoyin, in ja baya, su tsuguna suna nazarin zanen. Wata tsohuwa ta shafa sawun da tafinta ta ce, "Ɗana, ƙafar ba ta da kyau, amma mun gane ta."

Da la'asar na shigo Tawa, mutane har kan rufi, awaki na kuka. Alhaji ya zagaya motar, ya shuri taya ɗaya, ya ce, "Ai na gaya maka tayoyin ga na da kyau." Ban yi masa gardama ba.

Ku da kuke jan mota yanzu, ku auna janti, ku auna faɗi, ku gwada da kaya, duk wajibi ne. Amma mu mun auna tayoyin da mota kawai, mun manta da mutanen da ke tsaye bakin hanya suna karanta ƙasa kafin su yarda su fito.